Georges-Marie Haardt (1884–1932): Madugun Motocin da Suka Ratsa Tasawa

Gabatarwa

A ƙarshen kakar shekarar 1924, lokacin da gero ya shiga rumbu, iskar hunturu kuma ta fara kaɗawa, wani ayari da ba a saba ganin irinsa ba ya ratsa arewacin ƙasar Hausa. Ya shigo ta Dogon Dutsi, ya bi ta Birnin Ƙonni da Madawa da Maraɗi, ya yada zango a Tasawa, sannan ya miƙe zuwa Damagaram. Babu raƙumi a cikinsa, babu jaki. Motoci ne guda takwas, kowace tana jan ƴar tirela, gabanta taya biyu irin na kowace mota, bayanta kuwa wata ɗamarar roba ce mai juyawa kamar ta katafila. Madugun ayarin wani dogon Bature ne siriri, wanda aka sani da tsafta da son ado ko a tsakiyar rairayi. Sunansa Georges-Marie Haardt, babban daraktan kamfanin motoci na Citroën.

A Faransa ana lissafa shi cikin gwarazan da suka buɗe Afirka da Asiya ga mota. A ƙasar da ya ratsa kuwa sunansa bai zauna a bakin kowa ba, ko da yake wanda ya taso yau daga karkarar Mayahi ko Gidan Amumune ya faɗo babbar hanya a Tasawa, sawunsa yake bi. Tarihin rayuwarsa ya cancanci a duba shi daga wannan gefen, domin yana nuna cewa tseren mota a irin wannan ƙasa akan ci shi tun kafin a tayar da inji, kuma yawancin waɗanda suka ciyo shi ba a rubuta sunayensu ba.

Asali da tasowa

An haifi Haardt ranar 12 ga Yuli 1884 a birnin Napoli na Italiya. Iyayensa ƴan Beljiyam ne, daga baya ne ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Faransa. Tun yana saurayi ya haɗu da André Citroën, injiniya haifaffen 1878, wanda ya fara sana'arsa da ƙera ƙafafun inji masu haƙora. Siffar waɗannan haƙoran, mai kama da kan mashi, ita ce alamar da ke goshin motocin Citroën har yau. Lokacin da aka kira Citroën a 1908 ya farfaɗo da kamfanin motoci na Mors, Haardt yana cikin waɗanda suka yi aikin tare da shi. A zamanin Yaƙin Duniya na Farko Citroën ya gina babbar masana'antar harsashin igwa a unguwar Javel ta birnin Faris, da yaƙi ya ƙare kuma ya mayar da ita wurin ƙera motoci. Motarsa ta farko ta fito a 1919, Haardt kuma ya zama babban darakta kuma na hannun damansa.

Halayen mutanen biyu sun sha bamban, shi ya sa suka dace. Citroën mutum ne mai son talla da caca da abin mamaki, shi ne ya sa aka rubuta sunansa da fitilu a jikin hasumiyar Eiffel daga 1925. Haardt kuwa mai lissafi ne da tsari, marar yawan magana, wanda ba ya barin abu ga sa'a. Shi ba direban tsere ba ne, ba kuma makanike ba. Gwanintarsa ita ce ta madugu: sanin nisan zango, da yawan guzuri, da wanda za a ɗora wa wane aiki, da wanda za a nemi izininsa kafin a taka ƙasarsa.

Tsere iri biyu

Tun farkon ƙarni na 20 tseren mota ya rabu gida biyu. Akwai na gudu, wanda aka fara yi tsakanin birane, har sai da tseren Faris zuwa Madrid na 1903 ya ci rayuka da dama, ciki har da na Marcel Renault, aka tsayar da shi kafin ya kai ƙarshe. Daga nan aka karkata zuwa kewayen fage, kamar babbar gasar Faransa ta 1906 da motar Renault ta lashe, da gasar awa 24 ta Le Mans da aka fara a 1923. Akwai kuma na juriya, inda nisa da munin hanya su ne abokan hamayya, kamar tseren Pekin zuwa Faris na 1907 wanda Yarima Scipione Borghese na Italiya ya ci.

Citroën bai damu da fagen gudu ba. Motocinsa ƙanana ne na masu matsakaicin hali, abin da yake so ya nuna wa mai saye shi ne ƙwari. Sahara kuwa ita ce jarrabawar da ta gagari Faransa. A 1881 Buzaye sun hallaka tawagar Kanar Flatters da ta je auna hanyar jirgin ƙasa. A 1920 Janar Laperrine ya mutu a hamada bayan jirgin samansa ya faɗi. Gwamnati tana ɗokin ganin an haɗa Aljeriya da ƙasashen da ta mallaka a kudu, musamman bayan tawayen Kawsan a Agadas a 1916 zuwa 1917 ya nuna mata raunin barikokinta na nesa. Buƙatar ɗan kasuwa da ta soja suka haɗu a wuri ɗaya.

Makamin ya fito daga hannun Adolphe Kégresse, injiniyan Faransa da ya taɓa kula da motocin Sarkin Rasha Nikolas na Biyu. Domin motar sarki ta iya tafiya a kan ƙanƙara, ya cire tayoyin baya ya sa ɗamarar roba mai faɗi da ke zagaye wasu ƙananan ƙafafu, ta yadda nauyin mota zai bazu maimakon ya nutse wuri guda. Dabarar ita ce ta tafin raƙumi. Da juyin juya halin 1917 ya komo da shi gida, Citroën ya karɓi fasahar. Faransawa suka kira motar autochenille, daga kalmarsu ta tsutsa, saboda yadda take jan ciki.

Daga Tugurt zuwa Tumbutu

Ranar 17 ga Disamba 1922 motoci biyar suka tashi daga Tugurt a kudancin Aljeriya, ɗauke da mutum goma. Haardt ne shugaba, mataimakinsa Louis Audouin-Dubreuil, tsohon hafsan jiragen sama da ya san hamada tun lokacin yaƙi. Kowace mota da tambarinta, kamar dawakin fada. Ta Haardt ita ce Buzuzun Zinariya, wadda babban makanike Maurice Penaud ya tuƙa, ta mataimakinsa Jinjirin Watan Azurfa, akwai kuma wadda aka laƙaba wa Kunkuru Mai Tashi. Injinsu ƙarami ne mai silinda huɗu, irin na motar kasuwa ta kamfanin.

Sun bi ta Wargala da In Salah, suka gitta duwatsun Hoggar, suka faɗo ta Kidal zuwa bakin kogin Kwara a Burem, suka shiga Tumbutu ranar 7 ga Janairu 1923. Tafiyar sama da kilomita 3,000 ce cikin mako uku, nisan da ayarin raƙuma ke ɗaukar watanni kafin ya cinye. Wannan ne karo na farko da mota ta ƙetare Sahara daga wannan gaɓa zuwa waccan. Suka kuma komo ta hanyar da suka zo, suka isa Tugurt a watan Maris, domin kada a ce dace ne.

Sirrin nasarar yana bayan fage. Kafin ayarin ya motsa an riga an tura wasu tawagogi daga arewa da kudu sun jibge man fetur da ruwa da kayan gyara a zanguna. Rijiyoyin da aka dogara da su na fatake ne, hanyar ma raƙuma suka tattake ta ƙarni bayan ƙarni. Haardt bai gano sabuwar hanya ba. Ya auna tsohuwa ne da mizanin lita da kilomita.

Takara da Renault

Louis Renault, babban abokin hamayyar Citroën, bai zuba ido ba. Injiniyoyinsa suka fito da mota mai ƙafa shida, kowace ƙafa da tagwayen taya, suna masu cewa ta fi ɗamarar roba sauri da sauƙin gyara. A Janairun 1924 ayari biyu suka tashi daga Kolom-Beshar kusan lokaci guda suka nufi kogin Kwara ta hamadar Tanezruft, ɗaya na Citroën ƙarƙashin Audouin-Dubreuil, ɗaya na Renault ƙarƙashin Gaston Gradis. Jagororin na Renault su ne ƴan'uwa biyu, Georges Estienne, wanda ya yi tafiyar Tumbutu tare da Haardt kafin ya sauya sheƙa, da ƙanensa René, haifaffen 1900, wanda aka kashe a kan hanya a kudancin Maroko a 1927. Tsere ne na sosai ko da ba a kira shi da sunan ba, jaridun Faris kuma suna ƙirga wa kowa kwanakinsa.

Amsar Haardt ita ce ya faɗaɗa fagen. Maimakon a sake gwada ƙwanji a hamada kawai, sai a ratsa nahiyar gaba ɗaya. Shugaban Faransa na lokacin, Gaston Doumergue, ya nuna sha'awar a kai tafiyar har tsibirin Madagaska. Aka shafe kusan shekara ana shiri, ana aika tan-tan na kaya ta tashoshin ruwa da jiragen ƙasa da koguna da kawunan ƴan dako, zuwa zangunan da motoci ba za su isa ba sai bayan watanni. Ranar 28 ga Oktoba 1924 motoci takwas suka bar Kolom-Beshar. Ban da makanikai, akwai Kwamanda Joseph Bettembourg, da injiniya Charles Brull, da likita Eugène Bergonier mai tara tsuntsaye da ƙwari, da masu ɗaukar fim Léon Poirier da Georges Specht, da mai zane ɗan asalin Rasha Alexandre Iacovleff. Ranar 15 ga Nuwamba Gradis ma ya sake tasowa a bayansu da motocin Renault.

Ayari a ƙasar Hausa

Bayan sun ƙetare hamada sun faɗo Burem, suka bi gaɓar kogi zuwa Yamai, wadda a lokacin ƙaramin gari ce, domin hedkwatar mulkin mallakar Nijar tana Damagaram har 1926. Daga Yamai suka juya gabas ta Doso, suka shiga ƙasar Hausa a ƙarshen Nuwamba. Lokacin ya dace da lissafin madugu: damina ta wuce, fadamu sun fara tsotsewa, abinci kuma yana hannu.

Ƙasar da suka shigo tsohuwar mahaɗar hanyoyi ce. Maraɗi a lokacin tana cikin kwarin gulbi, inda zuriyar sarakunan Katsina suka kafa ta bayan jihadi, kafin ambaliyar 1945 ta sa a mayar da gari kan tudu. Tasawa kuwa zango ce ta ayarin gishiri da ke saukowa daga Abzin ta Damargu zuwa Katsina da Kano, ta nan ne matafiyin Jamus Heinrich Barth ya bi a Janairun 1851 cikin ayarin Abzinawa. Ma'anar madugu da zango da guzuri ba baƙuwa ba ce ga mutanen wurin. Baƙon abu shi ne dabbar ƙarfe da ba ta kiwo.

A manyan garuruwa an tarbe su da hawa. Mahaya cikin lifidi da kwalkwali, da masu algaita da kakaki da tambura, suka fito bayan gari suka rako motoci. Iacovleff ya zauna da allonsa ya zana fuskoki, daga cikin zane-zanensa da suka yi suna akwai na shugaban mahayan Sarki Musa na Maraɗi. A Tasawa mai masaukinsu shi ne Sarki Barmu. A nan na'urar Poirier ta wuce zaure da shigifa ta kai cikin gida, inda al'ada ba ta ba baƙon namiji shiga, ta ɗauki matan fada. Da aka nuna fim ɗin a Turai, an gabatar da wurin da siffar gidan sarakunan Gabas na tatsuniyoyinsu, abin da ƴan kallon Faris suke marmarin gani. Sunayen ma sun shiga takarda da rigar Faransanci: Tasawa ta zama Tessaoua, Barmu ya zama Barmou, sarki kuma ya zama serki, wani lokaci sultan.

Daga Tasawa suka isa Damagaram a farkon Disamba, suka ci gaba zuwa Gigimi, suka ga ruwan Tafkin Cadi a tsakiyar watan.

Abin da hoton bai nuna ba

Shekara 25 kacal kafin wannan hawa, wani ayarin Faransawa ya bi kusan wannan hanyar. Shi ne na Kyaftin Voulet da Chanoine a 1899, wanda ya yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ya yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi, ya bar ƙauyuka cikin toka har ƙasar Tasawa. A Dankori ne Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta turo ya tsayar da shi, ranar 14 ga Yuli 1899. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet, kaburburansu suna Maijirgi, gabas da Tasawa, a gefen hanyar Damagaram. Duk dattijon da ya tsaya kallon motocin Haardt a 1924 ya ga wancan zamani da idonsa ko ya binne wanda ya gani. Lafiyar da ayari na biyu ya samu, ayari na farko ne ya share mata fage da bindiga.

Hanyar kanta ma aiki ce ta hannu. A tsarin mulkin mallakar Faransa gwamnati tana bin kowane baligi wasu kwanaki na aiki kyauta a shekara, kumandan kuma yana da ikon ɗaure mutum ko cin tararsa ba tare da shari'a ba. Da wannan aikin dole ake sare ƙaya, a cike kwazazzabo, a shimfiɗa kara a kan yashi, a gina masaukin baƙi. Kumandan ya umarci sarki, sarki ya umarci masu gari, masu gari su fitar da talakawa. Hawan tarba ma, a irin wannan tsari, ba ya rasa hannun bariki. Ba a soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ta mallaka ba sai a Afrilun 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Lamarin ya fi fitowa fili a gaba. A dajin Kwango ta Beljiyam hukuma ta fitar da dubban mutane suka sare hanya ta ɗaruruwan kilomita domin motoci takwas su wuce. A koguna an haɗa kwale-kwale an ɗora motoci, a taɓo kuma mutane ne suka ja su da igiya. Littafin tafiyar ya kawo sunan kowane Bature da tambarin kowace mota. Masu gatari da masu igiya kuwa a jimlace aka ambace su.

Daga Tafkin Cadi zuwa Faris

Ayarin ya yi bikin Kirsimeti a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, ya bi ta Bangi, ya kai Stanleyville, wato Kisangani, a watan Maris na 1925. A Kampala Haardt ya raba shi gida huɗu domin kowane rukuni ya nemi teku ta hanyarsa: Audouin-Dubreuil ya nufi Mombasa, Bettembourg ya nufi Darussalam, Brull ya miƙe kudu zuwa Kef, shi kuwa ya bi ta Tafkin Nyasa zuwa gaɓar Mozambik. Rukunai uku suka haɗu a Madagaska, suka shiga Tananarif ranar 26 ga Yuni 1925, bayan wata takwas da tafiyar da ta kai kimanin kilomita 20,000. A ɓangaren Renault, Kyaftin Delingette da matarsa sun ci gaba da mota guda har Kef, suka isa a watan Yuli.

An komo da mita 27,000 na fim, da dubban hotuna, da zane-zane, da fatu da kayan gargajiya. A Maris na 1926 aka fara nuna fim ɗin a babban gidan opera na Faris a gaban shugaban ƙasa, littafin kuma ya fito a 1927. Sunan da aka ba su, La Croisière noire, abin lura ne ga mai nazarin harshe. Kalmar farko tana nufin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, ta biyu kuwa baƙi ce, ana nufin launin fatar mutanen nahiyar. Da kalma biyu aka mayar da ƙasashe teku, mazaunansu kuma abin kallo daga kan bene. Fim ɗin na zamanin da silima ba ta magana ne. Ana ganin bakin maroƙi yana motsi, ana ganin kumatun mai algaita sun kumbura, amma ko kalma ɗaya ta Hausar Tasawa ta 1924 ba ta tsira ba. Rubutun da ke bayyana tsakanin hotuna shi ke magana a madadin kowa.

Ta fuskar kasuwa nasarar ba ta cika ba. Citroën ya gina masaukai a hamada domin jigilar masu yawon buɗe ido zuwa Tumbutu, har an gayyaci Sarkin Beljiyam Albert na Ɗaya bikin buɗewa, amma a farkon Janairun 1925 aka soke shirin baki ɗaya bisa dalilin tsaro. Ɗamarar roba kuma ta nuna aibinta: tana saurin cinyewa a kan dutse, tana shan mai, ba ta da gudu. Jigilar hamada ta koma hannun masu taya. Georges Estienne ne daga baya ya kafa layin motoci daga Aljeriya ta Tamanrasat da Agadas zuwa Damagaram da Kano. Fasahar Kégresse ta sami gida a wurin soja, har sojojin Amurka suka gina motocinsu masu rabin sarƙa na Yaƙin Duniya na Biyu a kan wannan tunani.

Asiya da ajali

Haardt bai huta ba. Ya shafe shekaru yana shirin bin tsohuwar hanyar siliki daga Bahar Rum zuwa Sin. Ana dab da tashi Tarayyar Sobiyat ta janye izinin ratsa ƙasarta, lissafin shekaru ya rushe. Maimakon ya fasa, sai ya raba tafiyar biyu. Shi da Audouin-Dubreuil suka tashi daga Bairut ranar 4 ga Afrilu 1931, wani rukuni kuma ƙarƙashin matashin hafsan ruwa Victor Point, haifaffen 1902, ya taso daga Tiyanjin a gabashin Sin, da nufin a haɗu a tsakiya. Cikin rukunin Sin akwai malamin kirista masanin duwatsu Pierre Teilhard de Chardin.

Rukunin Haardt ya ratsa Siriya da Iraƙi da Farisa da Afganistan ya kai Srinagar a Kashmir. Gabansa duwatsun Himalaya ne, inda hanyar alfadari ce kawai. Ya nace sai mota ta hau. Aka zaɓi guda biyu, aka ja su da igiya a kan ƙanƙarar mashigin Burzil mai tsayin sama da mita 4,000. Inda hanya ta zabtare aka kwance su gunduwa-gunduwa, ɗaruruwan ƴan dako suka ɗauka a ka da kafaɗa, aka sake ɗaurawa a gaba. Sun isa Gilgit a farkon Agusta, a nan motocin suka tsaya, aka ci gaba a kan dawaki. A wannan zangon mutum ne ya ɗauki mota.

A can gabas gwamnan Shinjiyan ya tsare rukunin Point a Urumci, yaƙi kuma yana ci a lardin. Sai a watan Oktoba rukunan biyu suka haɗu. Jinkirin ya jefa su cikin abin da Haardt ya yi ta gudu a duk lissafinsa, wato ratsa hamadar Gobi a tsakiyar sanyi, inda ba a iya kashe inji da dare don kada ruwansa ya daskare. Sun shiga Pekin ranar 12 ga Fabrairu 1932, bayan kimanin kilomita 12,000. Jikin madugu ya riga ya gaji, amma yana shirin komawa ta kudancin Asiya. Mura ta kama shi a hanya, ta zama ciwon huhu, ya rasu a Hong Kong ranar 16 ga Maris 1932 yana da shekara 47. Da rasuwarsa aka naɗe tafiyar. Victor Point ya kashe kansa a watan Agusta na shekarar. Kamfanin ya durƙushe da bashi a ƙarshen 1934, masu taya na Michelin suka karɓe shi, André Citroën kuma ya rasu ranar 3 ga Yuli 1935.

Kammalawa

Irin tseren da Haardt ya ɗaukaka bai mutu tare da shi ba. Gasar Faris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen Disambar 1978 ta kuma bi ta Agadas da Yamai, jikarsa ce: motocin Turai, ƙasar Afirka, hoto kuma na masu kallo a nesa. Motar Citroën ma ta ci gasar a 1991 a hannun Ari Vatanen. Hanyar da ya bi daga Yamai zuwa Gigimi kuwa ita ce a yau babbar hanya ta ɗaya ta Nijar, wadda ta ɗauki gyaɗar ƙasar Maraɗi a zamaninta, take kuma ɗaukar gero da wake da dabbobi da matafiya. Ta zama ta masu ita ne bayan ayarin nuni ya wuce.

Ba za a hana Haardt abin da ya cancanta ba. Mutum ne mai tsari da juriya, wanda ya fita da mutane zuwa wuraren da aka sha halaka, ya kuma san darajar makanikansa. Hotuna da zane-zanen da tawagarsa ta bari suna cikin tsofaffin shaidun gani na fadojin Maraɗi da Tasawa, na tufafi da kayan doki da gine-ginen da yawancinsu sun shuɗe. Amma shaida ce mai ido ba kunne. Sauran rabin labarin, wato abin da aka faɗa a zaure bayan baƙi sun tafi, da sunan da aka raɗa wa motocin, da wanda aka fitar aikin hanya a wace unguwa, idan ya saura, yana bakin jikokin waɗanda suka tsaya a gefen hanya, daga Tasawa har ƙauyukan Gulbin Kaba. Madugu uban tafiya ne, amma bai taɓa zama shi kaɗai ne ayari ba.